Tallafin Kuɗi Ga Masu Fasaha: Ina Ake Samunsa, Kuma Me Ke Sa A Ƙi Mutum?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ce, kuma ni ke riƙe da wata ƙaramar ƙungiya ta matasa masu wasan kwaikwayo, wadda har yanzu ba mu yi mata rajista ba. Kullum sai in ji an ce wane ya samu tallafi, ƙungiya kaza ta samu tallafi. Ni kuwa duk fom ɗin da na cika, ko dai in ji shiru ko a aiko mini da 'muna baƙin cikin sanar da ke'. Don Allah ina ake samun irin wannan tallafi? Me nake yi ba daidai ba? Ko kuwa gaskiya ne da ake cewa sai mai ƙafa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki uku ce a dunƙule: inda kuɗin yake, abin da ke sa a ƙi ki, da kuma batun ƙafa. Ta tsakiyar zan fi daɗewa a kai, don a nan yawancin masu nema ke faɗuwa. Na daɗe ina taya ƙungiyoyi rubuta takardun neman tallafi, na kuma zauna a kwamitocin da ke tantance irin waɗannan takardu, saboda haka na ga abin ta gaba da ta baya. Abin da na fi gani shi ne, mai nema yakan rubuta takardarsa don ya nuna shi gwani ne kuma yana cikin buƙata. Mai bayarwa kuwa yana da wani aiki da yake son a yi a duniya, yana neman hannun da zai yi masa shi da kuɗinsa. Idan buƙatun nan biyu ba su haɗu ba, ko ke ce kika fi kowa iya riƙe burushi, takardarki ba za ta wuce ba.

Tallafi da abubuwan da ke kama da shi

Tallafi kuɗi ne da ake ba ki don wani aiki takamaimai. Ba za ki mayar ba, amma za ki yi bayanin inda kowane kwabo ya shiga. Ya bambanta da kyautar girmamawa, wadda ake ba mutum saboda abin da ya riga ya yi. Wasu manyan kyaututtukan ma ba a nemansu ko kaɗan: Gidauniyar MacArthur ta Amurka tana ba waɗanda ta zaɓa dala 800,000 cikin shekara biyar, amma babu fom, wasu ne ke miƙa sunan mutum a asirce. Ya kuma bambanta da ɗaukar nauyi irin na kamfanoni, wanda a gaskiya talla ce, kamfani na sayen wurin da zai liƙa sunansa a gaban 'yan kallonki. Mutane na cuɗa ukun nan, sai su rubuta wa gidauniya takarda irin wadda ta dace da sashen talla na kamfani, ko su aika wa kamfani doguwar maƙala a kan darajar al'ada.

Me ya sa ma ake bayar da tallafin? A 1966 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana wata matsala da har yau take nan. Masana'anta tana iya sawo sabon inji, mutum ɗaya ya yi aikin mutum goma. Wasan da aka rubuta wa mutum goma kuwa, har gobe mutum goma yake buƙata, kuma awa biyunsa awa biyu ce. Tsadar rayuwa tana hawa, albashi na hawa a sauran sana'o'i, amma dandali ba shi da injin da zai rage masa ma'aikata. Kuɗin ƙofa shi kaɗai ba kasafai yake rufe wannan giɓi ba, sai gwamnatoci da gidauniyoyi suka shigo. Na kawo wannan ne don ki daina kallon neman tallafi a matsayin bara. Manyan gidajen wasa na duniya ma da shi suke numfashi.

Su wa ke bayarwa

Na farko su ne hukumomin fasaha na gwamnatoci. Birtaniya ta kafa tata a 1946, Kanada a 1957, Amurka kuma ta kafa National Endowment for the Arts a 1965. Arts Council England, hukumar fasaha ta Ingila, tana da shirin da ke ba da daga fam 1,000 zuwa fam 100,000 ga aiki guda. Tarayyar Turai ta ware wa shirinta na Creative Europe kimanin yuro biliyan 2.44 daga 2021 zuwa 2027, kuma ko ƙaramin aikin haɗin gwiwa a cikinsa sai ya haɗa ƙungiyoyi aƙalla uku daga ƙasashe uku. Irin waɗannan kuɗaɗe na jama'ar ƙasa ne, saboda haka kusan duka an keɓe su ga mazauna ƙasar ko ƙungiyoyin da aka yi wa rajista a can. Ki fara da bincika abin da ma'aikatar al'adu ko hukumar fasaha ta ƙasar da kike zaune take bayarwa. Na wata ƙasa kuwa, hanyar shigarki ɗaya ce: ƙungiyar can ta nema, ke ki zama abokiyar aikinta.

Na biyu su ne cibiyoyin al'adu da ƙasashe ke buɗewa a waje: British Council, Goethe-Institut na Jamus, Institut français na Faransa, Pro Helvetia ta Siwizalan. Aikinsu ƙulla zumunci tsakanin ƙasarsu da sauran ƙasashe, don haka galibin tallafinsu na son a ga hannun wani mai fasaha daga ƙasarsu a cikin aikin. In ba ki da irin wannan abokin aiki, kada ki ƙirƙiro shi cikin mako guda saboda an buɗe neman tallafi. Kwamiti na gane zumuncin da aka ƙulla jiya.

Na uku, waɗanda nake ganin sun fi dacewa da ke a matsayinki na mai zane, su ne gidauniyoyin da ke ba mutum shi kaɗai. Prince Claus Fund, wadda aka kafa a Holan a 1996, ta fara a 2021 ba masu fasaha 100 yuro 5,000 kowannensu a shekara, waɗanda ke cikin shekaru biyar na farkon sana'arsu, daga Afirka, Asiya, Latin Amurka, Karibiyan da Gabashin Turai. Gidauniyar Pollock-Krasner ta New York, wadda aka kafa a 1985 da dukiyar da mai zane Lee Krasner ta bari, tana karɓar takardun masu zane da masu sassaƙa daga ko'ina a duniya, sai dai tana son wanda ya riga ya yi baje kolin aikinsa a wuraren da aka sani. Gidauniyar Elizabeth Greenshields ta Kanada tana tallafa wa masu tasowa, amma sai masu zanen abin da ido zai gane, mutum ko wuri ko kaya. In zanenki na launi da siffa ne kawai, ba ki cikin waɗanda take nema, komai kyawunsa. Kin ga yadda gidauniyoyi uku, duk na masu zane, kowacce da irin wanda take jira.

Akwai kuma na yanki-yanki. Arab Fund for Arts and Culture, da aka kafa a 2007, na masu fasahar ƙasashen Larabawa ne. African Culture Fund, mai mazauni a Bamako, ya fara a 2018. Art Moves Africa kuɗin tafiya yake bayarwa, kuma tafiyar ta zama daga wata ƙasar Afirka zuwa wata. Masu fim suna da nasu: Hubert Bals Fund na bikin fina-finan Rotterdam, IDFA Bertha Fund na fina-finan gaskiya, da World Cinema Fund da aka kafa a Berlin a 2004.

Bari in tsaya a kan guda ɗaya da ke yawan ruɗa mutane, wato asusun UNESCO na bunƙasa bambancin al'adu, wanda ya fito daga yarjejeniyar 2005 ya kuma fara rabon kuɗi a 2010. Yana ba da har dala 100,000, shi ya sa kowa ke rububinsa. Amma mutum shi kaɗai ba ya nema, sai hukumar gwamnati ko ƙungiya mai rajista daga ƙasa mai tasowa da ta shiga yarjejeniyar. Takardar kuma tana fara bi ta hannun hukumar UNESCO ta ƙasarku, wadda ke tace 'yan kaɗan ta tura gaba. Abu mafi muhimmanci, asusun ba don shirya wasa ko baje koli kawai aka yi shi ba. Ayyukan da za su gyara tsarin sana'ar baki ɗaya yake so, kamar tsara manufofi, horar da masu gudanarwa, ko ƙarfafa kasuwar littafi da kiɗa. Ƙungiyar da ta rubuta masa tana neman kuɗin sutura da fitilun dandali ta ɓata dare da rana a banza.

Wajen nemo sanarwa kuwa, shafin On the Move yana tattara damarmakin tafiye-tafiye na masu fasaha, yana kuma wallafa jagorori na yankuna daban-daban kyauta. Res Artis da TransArtists suna jera wuraren da ke saukar da mai fasaha na wasu makonni ko watanni ya yi aiki. A nan ki lura, wasu masaukan su ke biyan ki, wasu ke za ki biya su. Wata dabara da ta fi duk waɗannan: ki nemo masu fasaha biyar ko shida da aikinsu ya yi kama da naki, waɗanda suka ɗan riga ki gaba, ki karanta tarihin aikinsu da bayan takardun baje kolinsu, ki ga su wa suka yi wa godiya. Sunayen da ke maimaituwa su ne naki.

Abin da ke faruwa a ɗakin tantancewa

Kafin takardarki ta isa hannun alƙali, wani ma'aikaci ya riga ya bi ta da jerin sharuɗɗa. Ƙasarki na ciki? Shekarunki a sana'a sun dace? Kin haɗo duk takardun da aka ce? Kuɗin da kika nema bai haura iyaka ba? Kin aiko kafin a rufe? Tari guda na faɗuwa a wannan rariya tun ba wanda ya kalli zane ko ɗaya. Shirun da kike ji, sau da yawa daga nan yake fitowa. Batun lokacin rufewa ma, ki duba da agogon wace ƙasa aka rubuta shi, kuma kada ki bari sai daren ƙarshe, lokacin da kowa ya yi wa shafin ca har ya tsaya.

Waɗanda suka tsallake sai a raba wa alƙalai, kowanne da tulinsa, ga takardar ba da maki a gefe. Alƙalin nan mutum ne mai nasa aikin, yawanci da dare yake karatun, kuma taki ba ita ce ta farko da ya buɗe ba. Abin da yake so ya sani cikin sakin layi na farko shi ne: me za a yi, wa zai yi, da su wa, a ina, yaushe, kuma me zai kasance a ƙasa idan an gama. Ga irin jimlar da muke karantawa har mu gaji:

"Manufarmu ita ce wayar da kan al'umma da bunƙasa al'adu ta hanyar fasaha domin ci gaban matasa."

Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da alƙali zai kama ya ba maki. Kowace ƙungiya a duniya za ta iya sa hannu a ƙarƙashinta. Ki kwatanta da wannan:

"Za mu yi wata uku muna bita da matasa 12 da suka bar makaranta. Su za su rubuta wasa na minti 40 a kan dalilan barinsu, mu nuna shi sau shida a makarantu uku waɗanda shugabanninsu sun riga sun ba mu izini a rubuce."

Ta biyun ba ta da ado, amma ina iya ganin aikin da idona, ina iya auna ko kuɗin da aka nema zai ishe shi, kuma maganar izinin nan ta nuna mini cewa an riga an tashi tsaye. A zaman kwamiti, takarda tana buƙatar wanda zai tsaya mata ya ce "wannan fa a duba ta". Ki ba shi jimlar da zai iya maimaitawa da ka.

Samfurin aiki shi ne wurin da masu zane ke cutar kansu. Na sha buɗe hoton zane in tarar an ɗauke shi a karkace, hasken taga ya wanke rabinsa, ga gefen kujera ya leƙo. Alƙali ba zai taɓa ganin zanen na ainihi ba, hoton nan shi ne zanen a wurinsa. Ki jingina aikin a bango mai launi ɗaya, cikin hasken rana marar kaifi, ki ɗauka daga gaba sak, ki rubuta sunansa da girmansa da shekararsa da abin da aka yi shi da shi. In an ce hoto goma, ki aika goman da ke magana da juna, ko da akwai wani da kike ƙauna wanda bai shiga sahunsu ba. Na wasan kwaikwayo kuma, bidiyo na minti uku da ake jin muryar 'yan wasa sarai ya fi na awa guda da aka ɗauka daga bayan zaure. Ki sa wurin da ya fi ƙarfi a farko, don ba lallai a kai ƙarshe ba.

Kasafin kuɗi

Ni dai idan aka miƙo mini takarda, kasafin nake fara buɗewa kafin bayanin. Bayani na iya yin kwalliya, lissafi ba ya iyawa. Wata takarda ta taɓa zuwa gabanmu mai daɗin karatu ƙwarai, har muka fara murna. Da muka juya shafi sai muka ga bayanin ya ce 'yan wasa goma sha biyu, kuɗin mota kuwa na mutum takwas aka lissafa. An ce za a zaga garuruwa uku, babu layin masauki ko ɗaya. Daga ƙasa kuma ga wani layi wai "sauran abubuwa", ya lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin duka. Ba wanda ya zarge su da niyyar cuta. Abin da muka fahimta shi ne ba su zauna sun bi aikin daki-daki ba, kuma wanda bai lissafa aiki a takarda ba, da wuya ya iya riƙe shi a fili.

Kowane abu da kika ambata a bayani ya samu layinsa a kasafi, kowane layi kuma ya nuna yadda aka kai ga jimlarsa: mutum nawa, kwana nawa, nawa a kwana. Ki tambayi farashi na gaskiya wurin masu kayan, kada ki yi kintace. Ki sa kuɗin ko-ta-kwana idan an yarda da shi, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Idan da kuɗin wata ƙasa za a biya ki, ki rubuta canjin da kika yi amfani da shi da ranarsa, ki kuma tuna banki zai cire nasa kafin kuɗin ya iso.

Sai abin da nake ta nanatawa har ana cewa na cika mita: ki sa ladanki. Masu nema da yawa na barin nasu layin fanko, suna ganin hakan zai nuna sadaukarwa. A idon kwamiti kuwa alama ce ta haɗari, domin wadda ba a biya ba dole wata rana ta ajiye aikin ta tafi neman abin da za ta rayu da shi. Gidauniyoyi da dama yanzu sharaɗi ne a wurinsu a biya masu fasaha daidai. Haka 'yan wasanki, ko kaɗan ne a rubuta shi.

Wasu masu bayarwa ba sa biyan aiki duka, suna so ki kawo wani kaso daga wani wuri. Kada wannan ya karya miki gwiwa tun ba ki karanta sharaɗin ba, don sau da yawa ana karɓar gudummawar da ba ta kuɗi ba. Zauren da aka ba ku aro, motar da wani ya ba da, lokacin da masu sa kai suka bayar, duk ana ƙiyasta su a rubuta, muddin akwai wasiƙar da ta tabbatar.

Ƙungiyar da ba ta da rajista

A nan hanya uku ce a gabanki. Kina iya nema da sunanki, a shirye-shiryen da ke karɓar mutum ɗaya ko gungun masu fasaha, kuɗin ya shigo hannunki, alhakin ma ya hau kanki ke kaɗai. Kina iya samun ƙungiya mai rajista, mai asusun banki da akanta, ta tsaya muku: ita za ta sa hannu, ta karɓi kuɗin, ta riƙa sakar muku, ta cire ladanta wanda galibi yake tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. In za ki bi wannan, a rubuta yarjejeniya tun kafin a aika takarda, a fayyace wa ke da aikin, wa ke da ikon cewa a kashe, kuma cikin kwana nawa za a saki kuɗi in kun nema. Na ga zumunci ya lalace a kan rashin wannan takarda guda.

Ta uku ita ce ku yi rajista. Tana buɗe manyan ƙofofi, amma tana zuwa da kayanta: kwamitin amintattu, tsarin mulki, rahoton shekara-shekara, wani lokaci da binciken odita. Kuma ba ta aiki nan take, domin masu bayarwa da yawa na son ganin lissafin kuɗi na shekara biyu ko uku da suka wuce. Shawarata, in kun tabbata ƙungiyar za ta ɗore, ku yi rajistar yanzu don shekarun su fara ƙirguwa, ku ci gaba da neman ƙananan tallafi ta hanya ta farko ko ta biyu kafin nan. Yadda ake rajista da abin da ya shafi haraji ya danganta da dokar kowace ƙasa, wannan kuwa aikin lauya ne ko akanta na inda kike, ba nawa ba.

Batun ƙafa

Ba zan ce miki babu ba, duniya ce. Amma a kwamitocin da na zauna, wanda ke da alaƙa da mai nema yakan bayyana, ya fita daga ɗakin har a gama da wannan takarda. Abin da ya fi aiki, wanda daga nesa yake kama da ƙafa, shi ne a san aikinki. Alƙalin da ya taɓa ganin zanenki a wani baje koli, ko ya ji wata ƙungiya ta yaba da yadda kuka cika alkawari, zai karanta takardarki da nutsuwa. Wannan kuwa ke ma kina iya ginawa. Ki halarci zaman bayani da masu bayarwa ke shiryawa ta intanet kafin rufewa. Ki aika wa jami'in shirin imel gajere, layi huɗu ko biyar, ki faɗi aikin ki tambaya ko ya dace da shirinsu. Amsa irin wannan tambaya na cikin aikinsa, kuma "a'a" ɗinsa ta tsirar miki da mako uku na rubutu. In an ƙi ki, ki nemi dalili cikin ladabi. Wasu ba sa bayarwa saboda yawan masu nema, wasu kuwa za su aiko miki da abin da alƙalai suka rubuta, wanda ya fi duk wata shawara da zan ba ki.

Ki kuma sani cewa a shirye-shiryen da ke buɗe ga duniya, masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Takardu masu kyau na faɗuwa don kawai kuɗin ya ƙare, ko don an riga an ɗauki biyu daga yanki ɗaya. Ƙi ɗaya ba hukunci ba ne a kan zanenki.

Idan kuɗin ya zo

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tallafi na zuwa da yarjejeniya, ki karanta ta layi-layi kafin ki sa hannu. Yawanci kashi-kashi ake biya, kuma kason ƙarshe ba ya fitowa sai an karɓi rahotonki, wato dole ki san inda za ki samo abin da za ki cike wannan tazara. Wasu sharuɗɗan ma na wata-wata ne: Gidauniyar Miles Morland tana ba marubutan Afirka fam 18,000 cikin wata goma sha biyu, amma sai marubuci ya miƙa kalma 10,000 kowane wata. Ki duba wa zai mallaki aikin bayan an gama, da abin da aka yarda su yi da hotunansa. Ki ajiye kowane rasit tun ranar farko, ki ɗauki hotonsa da waya don tawadar na gogewa. In abu ya canja, ɗan wasa ya tafi ko zaure ya ƙi samuwa, ki sanar da su kafin ki karkatar da kuɗin. Kusan kullum suna yarda in an tambaye su tun da wuri. Rahoto mai tsabta shi ne rabin takardar nemanki ta gaba.

Ki kuma tambayi kanki daga ina kuɗin ya fito, don sunanki zai zauna kusa da nasu. Wani kaso na tallafin fasaha a Ingila daga cacar ƙasa yake fitowa, wadda aka fara a 1994. A 2019 gidan hotuna na National Portrait Gallery da ke Landan ya fasa karɓar fam miliyan ɗaya daga gidauniyar iyalin Sackler, bayan matsin lambar da mai ɗaukar hoto Nan Goldin da wasu suka yi saboda alaƙar dukiyar iyalin da OxyContin, maganin kashe zafin ciwo da ya jefa mutane da yawa cikin jaraba. A shekarar ce kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Royal Shakespeare Company ta raba gari da kamfanin mai na BP, wanda ke tallafa mata da kuɗi. Inda za ki ja layi naki ne, amma ki ja shi kafin ki nema.

'Yan damfara ma na nan, suna sato tambarin gidauniyoyi na gaskiya. Duk wanda ya ce kin ci tallafin da ba ki nema ba, ko ya ce ki biya wani abu kafin a sakar miki kuɗi, ki rufe saƙon. Akwai gasa da masaukai na gaskiya da ke karɓar ɗan kuɗin cika fom, amma za ki gan shi a rubuce a shafinsu tun farko. Ki riƙa shiga shafin gidauniya da kanki, ba ta mahaɗin da aka turo miki a WhatsApp ba.

Iyakar abin

Tallafi ba abin dogaro ba ne. Yawancinsa na aiki guda ne, ba ya biyan haya da albashin tsakanin aiki da aiki, kuma yana iya yankewa ba sallama. A watan Mayun 2025, ƙungiyoyin fasaha da dama a Amurka sun wayi gari da imel daga National Endowment for the Arts cewa an janye tallafin da aka riga aka yi musu alkawari. In haka ta faru da masu ofis da lauyoyi, ƙaramar ƙungiya sai ta yi hattara. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa: ƙungiya ta riƙa sauya fuska tana bin abin da masu kuɗi ke yayi, bana wasan sauyin yanayi, baɗi na zaman lafiya, har ta manta abin da ya tara ta tun farko. In aikin da ke ranki bai shiga tsarin kowa ba, ki yi shi da ƙaramin ƙarfi, da kuɗin ƙofa, da sayar da zane, da koyarwa, da gudummawar masoya ta shafukan intanet irin su Patreon ko Kickstarter inda suke aiki.

Ƙwarewata ta fi yawa a ƙanana da matsakaitan tallafi, kuma adadi da sharuɗɗan da na ambata suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, wasu shirye-shiryen ma akan dakatar da su, don haka abin da ke shafin mai bayarwa a ranar da za ki nema shi ne hujja. Da ni ne ke, da na raba hulunan nan biyu: zanen in nema masa da sunana a gidauniyoyin da ke ba mutum ɗaya, ƙungiyar kuma in samo mata wadda za ta tsaya mata, mu nemi ƙaramin abu da za mu iya gamawa cikin wata shida. Sai ki ɗauko takardar da aka ƙi ta ƙarshe, ki ajiye ta gefe da sharuɗɗan shirin, ki ba wanda bai san aikinki ba ya karanta sakin layi na farko, ki tambaye shi me za a yi, da su wa, kuma yaushe.